Kwalejin Bronx: Makarantar talakawan New York mai araha da ɗalibanta suka ragu

A kan wani tudu da ke kallon Kogin Harlem, a unguwar University Heights ta yankin Bronx da ke birnin New York, akwai harabar makaranta mai faɗin eka 45. Wanda ya ga ginshiƙanta da ƙubbar tsohon ɗakin karatunta zai ɗauka jami'ar 'ya'yan masu kuɗi ce.

Da can kuwa haka take. Har zuwa 1973 harabar mallakin Jami'ar New York ce, wadda aka fi sani da NYU, jami'a mai zaman kanta da kuɗin karatunta a yanzu ya haura dala 60,000 a shekara.

Amma yau masu zama a azuzuwan ɗaliban Kwalejin Al'umma ta Bronx ne, makarantar gwamnati da ɗan jihar New York ke biyan dala 4,800 a shekara. Tun 2015 ba a ƙara ko sisi a kan wannan kuɗi ba, kuma da yawa daga cikin ɗaliban tallafin gwamnati ne ke biya musu shi gaba ɗaya.

Duk da wannan araha, ɗalibai sun ragu matuƙa. Kwalejin da ke da ɗalibai sama da 11,000 a tsakiyar shekarun 2010 ta koma tana da kimanin 7,000 a 2022.

Tambayar ita ce, idan ƙofa a buɗe take kuma kuɗin bai taka kara ya karya ba, me ke hana talaka shiga? Wanda ya shiga kuma, me ke hana shi kammalawa?

Mece ce kwalejin al'umma?

Kwalejin al'umma makaranta ce ta gaba da sakandare da ake yi wa shekara biyu. Akwai kimanin 1,000 irinta a faɗin Amurka, kuma galibinsu na gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi ne.

Wadda ake ɗauka a matsayin ta farko a cikin na gwamnati ita ce ta garin Joliet a jihar Illinois, da aka buɗe a 1901. Sai dai tsarin bai bunƙasa ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da wani kwamiti da Shugaba Harry Truman ya kafa ya ba da shawara a 1947 cewa a kai ilimi mai zurfi kusa da gidajen jama'a.

Abu biyu ne suka bambanta ta da jami'a. Na farko, ba a tankaɗe da rairaya wajen ɗaukar ɗalibai a yawancin kwasa-kwasanta. Duk mai takardar kammala sakandare ko makamanciyarta zai samu gurbi, ko shekararsa 18 ko 50.

Na biyu, takardar da take bayarwa hanya biyu gare ta. Ɗalibi na iya kama aiki da ita a matsayin ma'aikacin jinya ko mai ɗaukar hoto a asibiti ko makanike. Yana kuma iya wucewa da ita jami'a, a lissafa masa shekara biyun da ya yi, ya ƙara biyu ya samu digiri.

Ga mai karatu a Najeriya, abin da ya fi kama da ita shi ne difloma ta ƙasa da ake samu a kwalejin kimiyya da fasaha. Bambancin shi ne a New York an tsara hanyar wucewar tun daga tushe. Kwalejin Bronx ɗaya ce daga cikin kwalejojin al'umma bakwai da ke ƙarƙashin Jami'ar Birnin New York, wato CUNY, kuma tun 2013 aka daidaita darussan bai-ɗaya na dukkan makarantun CUNY domin kada ɗalibi ya maimaita abin da ya riga ya ci.

Daga ɗalibai 125

An kafa kwalejin a 1957, bayan shekaru da ƙungiyoyin mazauna Bronx suka yi suna kiraye-kirayen a samar wa yankin irin wannan makaranta.

An fara karatu a watan Fabrairun 1959 da ɗalibai 125, a wani tsohon ginin makarantar sakandaren kimiyya ta Bronx da ke kan titin Creston. Shugabanta na farko, Dakta Morris Meister, shi ne ya taɓa zama shugaban farko na waccan sakandare.

A 1966 Dakta James Colston ya gaje shi. Naɗin nasa ya ja hankali, domin a wancan zamani ba kasafai ake ba Baƙar fata shugabancin kwalejin da ba ta Baƙaƙe zalla ba.

Wanda ya biyo bayansa a 1977 shi ne Dakta Roscoe Brown, ɗaya daga cikin Baƙaƙen matuƙa jiragen yaƙi da aka horar a Tuskegee, wanda ya harbo wani jirgin yaƙin Jamus a watan Maris na 1945. Ya shugabanci kwalejin shekara 16, kuma sunansa ne a kan cibiyar ɗalibai ta harabar a yau.

Daga 2015 zuwa 2023 kuma haifaffen Najeriya ne ya riƙe kwalejin, wato Dakta Thomas Isekenegbe, wanda ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Najeriya da ke Nsukka kafin ya wuce Amurka.

Zanga-zanga ta buɗe ƙofa, fatara ta kawo kuɗin makaranta

Abubuwa biyu da suka faru cikin shekara bakwai su ne suka mayar da kwalejin yadda take a yanzu.

A watan Afrilun 1969 ɗalibai Baƙaƙe da 'yan asalin Puerto Rico suka mamaye wani ɓangare na City College da ke Harlem, mafi tsufa a makarantun CUNY. Kokensu shi ne makarantar na zaune a tsakiyar unguwarsu, amma 'ya'yan unguwar ƙalilan ne ke samun gurbi a cikinta.

Sakamakon haka, a 1970 CUNY ta fara tsarin da ya ba duk wanda ya kammala sakandare a birnin tabbacin samun gurbi a ɗaya daga cikin makarantunta.

Nan take ɗalibai suka yi wa Kwalejin Bronx yawa, har ta koma gudanar da darussa a gine-gine da dama da ke warwatse a unguwar.

A daidai lokacin ne NYU ta shiga matsin tattalin arziki, ta yanke shawarar sayar da harabarta ta Bronx. A 1973 aka saye ta a kan kusan dala miliyan 62, aka miƙa wa kwalejin. Faɗuwar wani, tashin wani.

Amma ba a daɗe ana murna ba. A 1975 birnin New York ya kusa tsiyacewa saboda bashi. A tsakiyar 1976 kuɗi suka ƙare wa CUNY har ta rufe dukkan makarantunta na tsawon mako biyu.

Da aka dawo, sai aka dawo da sharaɗi: daga wannan shekara ɗalibai za su riƙa biyan kuɗin makaranta. Haka aka kawo ƙarshen al'adar karatu kyauta da ta faro tun 1847, wato shekara 129.

Ke nan shekara shida kacal talakan New York ya samu abubuwan biyu a haɗe, buɗaɗɗiyar ƙofa da karatu kyauta.

Nawa ake biya, wa ke biya?

A Amurka ana auna karatu ne da abin da ake kira kiredit, wato makin da ake ba kowane darasi gwargwadon sa'o'insa a mako. Yawancin darussa kiredit uku ne, kuma ana buƙatar kimanin 60 kafin a kammala kwalejin al'umma.

Mazaunin birnin da ke karatu na cikakken lokaci yana biyan dala 2,400 a zangon karatu, wato 4,800 a shekara. Mai ɗaukar darasi ɗaya ko biyu saboda aiki yana biyan dala 210 kan kowane kiredit. Wanda ba mazaunin jihar ba ne, har da ɗalibin ƙasar waje, yana biyan dala 320 kan kowane kiredit. Akwai kuma ƙananan kuɗaɗe na harkokin ɗalibai da na kayan fasaha da ake ƙarawa a kai.

Idan aka kwatanta, manyan kwalejojin CUNY masu ba da digiri na karɓar dala 6,930 a shekara daga ɗan jiha.

Sai dai kuɗin da ke rubuce daban, wanda ke fita daga aljihun ɗalibi daban. Gwamnatin tarayya na da tallafin da ake kira Pell ga ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi, wanda mafi yawansa ya kai dala 7,395 a shekara. Ba bashi ba ne, ba a mayarwa.

Jihar New York ma tana da nata mai suna TAP, da ke kaiwa dala 5,665. A 2024 aka faɗaɗa shi, aka ɗaga iyakar kuɗin shigar iyalin da ya cancanta daga dala 80,000 zuwa 125,000 a shekara.

Ɗalibin da ya samu biyun, an biya masa kuɗin makaranta har da ragowar da zai sayi littattafai.

Ko waɗanda ba su da takardun zama a ƙasar an yi musu tanadi. Dokar jihar ta 2002 ta ba su damar biyan kuɗi irin na ɗan jiha muddin a jihar suka yi sakandare, wata dokar ta 2019 kuma ta ba su damar neman tallafin jihar.

A 2025 Gwamna Kathy Hochul ta ƙara wani shirin: duk mai shekara 25 zuwa 55 da ba shi da takardar gaba da sakandare zai yi kwalejin al'umma kyauta, har da littattafai, idan ya zaɓi fannin da ake ƙarancin ma'aikata kamar jinya da koyarwa da fasahar kwamfuta da injiniyanci.

Abin da ke korar ɗalibi

To ina matsalar take?

Bronx, mai mutane kimanin miliyan 1.4, ita ce gundumar da ta fi kowace talauci a jihar New York. Sama da kashi ɗaya cikin huɗu na mazaunanta na rayuwa ne ƙasa da ma'aunin talauci na gwamnati.

Mafi yawan ɗaliban kwalejin 'yan asalin ƙasashen Latin Amurka ne, musamman Jamhuriyar Dominika, sai kuma Baƙaƙe. Da yawansu su ne na farko a gidansu da suka wuce sakandare. Da yawa na aiki, wasu kuma na da 'ya'ya.

Ga irin wannan ɗalibi, kuɗin makaranta shi ne ƙaramin ɓangare na lissafin. Akwai kuɗin haya a ɗaya daga cikin biranen da suka fi tsada a duniya. Akwai kuɗin jirgin ƙasa ko bas, kimanin dala 3 kowace tafiya. Akwai littattafai, akwai mai renon yaro. Sama da duka, akwai albashin sa'o'in da ya bari domin ya zauna a aji.

Wani bincike da Cibiyar Hope ta fitar a 2019, bayan jin ta bakin ɗaliban CUNY kusan 22,000, ya gano cewa kashi 48 cikin 100 sun fuskanci ƙarancin abinci a cikin wata gudan da ya gabaci binciken. Kashi 55 sun fuskanci matsalar muhalli a cikin shekarar, kashi 14 kuma sun taɓa rasa matsuguni.

Wannan ne ya sa a harabar Kwalejin Bronx akwai rumbun da ɗalibi ke zuwa ya karɓi kayan abinci kyauta, da ofishin da ke taimaka masa neman tallafin gwamnati, da kuma cibiyar kula da yara ƙanana da iyaye ke ajiye 'ya'yansu su shiga aji.

Sakamakon matsin ya fito fili a yawan masu kammalawa. A farkon shekarun 2010, kimanin ɗaya cikin goma ne kawai na sababbin ɗaliban cikakken lokaci ke kammala karatun na shekara biyu cikin shekara uku. Sauran wasu sun koma wata makarantar, wasu na tafiya a hankali, da yawa kuma sun bari ba takarda.

Mai bari ba takarda shi ne ya fi kowa asara. Ya ɓata lokaci, ya ci wani ɓangare na tallafin da ke da iyaka, kuma a kasuwar aiki har yanzu mai takardar sakandare ne.

Shirin da ya kusa ninka masu kammalawa

A 2007 CUNY ta ƙaddamar da wani shiri mai suna ASAP da ɗalibai 1,132, da kuɗin ofishin Magajin Gari Michael Bloomberg.

Yarjejeniya ce tsakanin ɗalibi da makaranta. Ɗalibi zai yi alkawarin karatu na cikakken lokaci da ganin mai ba shi shawara a kai a kai. Ita kuma makaranta za ta cike duk giɓin da tallafi ya bari a kuɗin makaranta, ta ba shi katin shiga jirgi da bas kyauta, ta taimaka masa da kuɗin littattafai, ta kuma tsara masa darussa a jere da safe ko da yamma domin ya iya haɗawa da aiki.

Mai ba da shawarar shi ne ƙashin bayan shirin. A kwalejojin al'umma da dama jami'i ɗaya na kula da ɗaruruwan ɗalibai, ba ya ma sanin fuskokinsu. A farkon ASAP, ɗalibai 60 zuwa 80 ne ke hannun kowane jami'i. Idan ɗalibi ya daina zuwa aji, akwai wanda zai lura ya neme shi.

Cibiyar bincike ta MDRC ta gwada shirin a kwalejojin CUNY uku. Ta raba ɗalibai 896 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi suka shiga shirin, rabi suka ci gaba yadda aka saba. Rahotonta na 2015 ya nuna cewa bayan shekara uku, kashi 40 cikin 100 na 'yan shirin sun kammala, yayin da kashi 22 ne suka kammala a ɗaya ɓangaren.

Da aka kwaikwayi tsarin a kwalejoji uku a jihar Ohio, sakamakon ya zo kusan iri ɗaya: kashi 35 da kashi 19.

Shirin na cin kuɗi a kan kowane ɗalibi fiye da tsarin da aka saba. Amma saboda masu kammalawa sun ƙaru sosai, binciken ya nuna cewa abin da ake kashewa kafin a samu mai takarda ɗaya ya ragu.

A 2015 aka zaɓi Kwalejin Bronx domin a faɗaɗa shirin ya game yawancin sababbin ɗalibanta na cikakken lokaci. Cikin 'yan shekaru masu kammalawa a shekara uku suka tashi daga kimanin ɗaya cikin goma zuwa kimanin ɗaya cikin biyar.

Ci gaba ne, amma har yanzu huɗu cikin biyar ba sa kammalawa a wannan wa'adi. Kuma shirin bai shafi wanda ke ɗaukar darasi ɗaya ko biyu ba, alhali galibi shi ne aiki da iyali suka fi danne wa.

Korona ta zo ta tarar da rauni

Tun kafin annobar korona ɗalibai suka fara raguwa. A 2019 adadin ya sauko zuwa kimanin 10,000. Haka lamarin kwalejojin al'umma yake a Amurka: idan aiki ya yi wuya mutane su koma makaranta, idan aiki ya samu su bar ta.

Amma a 2020 lissafin ya sauya. Aiki ya ɓace, makaranta ma ta rasa ɗalibai. A faɗin ƙasar ɗaliban kwalejojin al'umma sun ragu da kusan kashi 10 cikin 100 a zangon kaka na wannan shekara.

Bronx na cikin yankunan da cutar ta fi yi wa ɓarna a birnin. Karatu ya koma ta intanet, a gidajen da mutane da yawa ke cunkushe a ɗaki biyu, wani lokacin da kwamfuta ɗaya. Uwar da 'ya'yanta ke karatu daga gida ba ta da lokacin nata karatun.

Bayan annobar kuma sai kamfanoni suka shiga neman ma'aikata. Mafi ƙarancin albashi a birnin ya kai dala 16 a sa'a a 2024. Ga wanda ake bin sa kuɗin haya, aikin yau ya fi takardar da sai bayan shekara uku.

Raguwar ɗalibai kuwa ba ƙaramar illa ba ce ga makaranta. Kuɗinta na fitowa ne daga jiha da birni da kuma ɗalibai, kuma yawancinsa na tafiya ne da yawan masu rajista. Idan sun ragu, kuɗi ya ragu, a rage darussa da ma'aikata, abin da kan ƙara korar waɗanda suka rage.

Daga 2023 yawan ɗalibai a CUNY ya fara farfaɗowa, har da taimakon wani shiri da aka fara a 2022 na bin sawun manyan da suka bar karatu a tsakiya domin a dawo da su. Amma cike giɓin dubban ɗalibai ba aikin shekara ɗaya ba ne.

Gadon da ke da tsadar riƙewa

Harabar kanta abin alfahari ce, kuma nauyi ce.

A tsakiyarta akwai ɗakin karatu na Gould, wanda fitaccen mai zanen gine-gine Stanford White ya zana a ƙarshen ƙarni na 19, ya kwaikwayi tsohon ginin Pantheon na birnin Rum. Helen Gould ce ta ba da kuɗin gina shi domin tunawa da mahaifinta, attajirin harkar jiragen ƙasa Jay Gould. A cikinsa akwai ginshiƙai 16 na koren dutse mai sheƙi da aka ɗauko daga ƙasar Ailan. An daɗe da daina amfani da shi a matsayin ɗakin karatu, kuma an shafe shekaru ana neman kuɗin gyaransa.

A bayansa akwai wata doguwar baranda mai tsawon ƙafa 630 da aka buɗe a 1901 domin karrama fitattun Amurkawa da mutum-mutumin tagulla. Ita ce irinta ta farko a ƙasar. Da mutum-mutumi 98 ne a cikinta, kuma biyu ne kawai na Baƙaƙe: Booker T. Washington da George Washington Carver.

A watan Agustan 2017, bayan tarzomar masu fifita farar fata a garin Charlottesville, aka cire na Janar Robert E. Lee da Janar Stonewall Jackson, waɗanda suka yi wa jihohin kudu masu kare bauta yaƙi. Hakan ya faru ne a zamanin shugabancin Dakta Isekenegbe.

Akwai kuma gine-ginen kankare da wani shahararren mai zane, Marcel Breuer, ya yi wa NYU a wajen shekarun 1960. A 2012 aka buɗe sabon gini mai azuzuwa da ɗakin karatu na zamani, wanda Robert Stern ya zana. A shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta sanya harabar cikin wuraren tarihi na ƙasa, karo na farko da harabar kwalejin al'umma ta samu wannan matsayi.

Kyawun wurin ya sa masu shirya fina-finai ke zuwa ɗaukar hoto, ciki har da fim ɗin A Beautiful Mind na 2001.

Sai dai tsohon gini sai da gyara. A watan Janairun 2019, bututan ruwa suka daskare suka fashe a ginin Colston, ruwa ya lalata ofisoshi da azuzuwa. A watan Nuwamban 2022 kuma, da sanyi ya shigo, rashin ɗumi a gine-gine ya tilasta mayar da yawancin darussa intanet na wasu kwanaki.

Ga ɗalibin da ya roƙi hutu a wurin aiki ya kuma biya mai reno domin ya zo aji, irin wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Duk da haka, a harabar ake koyar da jinya, da ɗaukar hoton asibiti, da gwaje-gwajen ɗakin bincike, da tsaron intanet, da gyaran mota. A nan Richard Carmona, wanda ya bar sakandare ba tare da kammalawa ba sannan ya shiga soja, ya fara karatunsa na gaba. Daga baya ya zama likita, ya kuma riƙe muƙamin babban likitan gwamnatin Amurka daga 2002 zuwa 2006. Marubuci Oscar Hijuelos, wanda ya ci kyautar Pulitzer a 1990, shi ma ya ratsa ta kwalejin.

Ga mai son zuwa daga Afirka

Bronx na cikin wuraren da 'yan Afirka ta Yamma suka fi yawa a Amurka. Akwai 'yan Ghana da Gambiya da Gini da Senegal da Mali da Nijar da Najeriya, kuma ana jin Hausa a masallatai da shagunan yankin, musamman a bakin 'yan zangon Ghana da 'yan Nijar. Ga 'ya'yansu, da ma iyayen da ke son komawa aji, kwalejin na cikin ƙofofin da suka fi kusa. Wanda Turanci ya yi wa ƙaranci akwai shirin koyon harshe na sa'o'i 25 a mako a kan kuɗi kaɗan, kafin ya fara darussa.

Amma ga wanda ke Kano ko Maraɗi yana tunanin zuwa da bizar ɗalibi, lissafin daban ne, kuma ya kamata ya san shi kafin wani dillali ya ruɗe shi da kalmar araha.

Zai biya dala 320 kan kowane kiredit, kuma doka ta wajabta masa ɗaukar aƙalla 12 a zango, wato dala 3,840. Kiredit 60 na karatun gaba ɗaya dala 19,200 ke nan. Idan aka lissafa dala a kan naira 1,500, kuɗin ya kusa naira miliyan 29.

Ba ya cikin masu cin tallafin Pell ko TAP. Kwalejin ba ta da ɗakunan kwanan ɗalibai, don haka haya na wuyansa. Bizarsa ba ta ba shi damar aiki a gari ba sai da izini na musamman, a cikin harabar ma sa'o'i 20 ne iyaka a mako lokacin karatu. Kafin a ba shi takardar neman biza, sai ya nuna shaidar kuɗin makaranta da na zama na shekara guda.

Sannan dokokin shiga ƙasar sun ƙara tsauri. A watan Yunin 2025 gwamnatin Shugaba Donald Trump ta hana 'yan ƙasashe 12 shiga, ciki har da Chadi da Sudan. A watan Disamba aka ƙara Nijar a jerin, aka kuma sanya wa Najeriya takunkumin da ya shafi bizar ɗalibai.

Ke nan arahar Kwalejin Bronx ta mazaunin New York ce, wanda harajin birninsa da jiharsa ke ɗaukar nauyinta.

Shi ma mazaunin, arahar kaɗai ba ta wadatar da shi ba. Sama da shekara 50 ke nan da buɗe ƙofar, kuma kuɗin makaranta na tsaye tun 2015. Abin da alƙaluma suka nuna ya ɗaga yawan masu kammalawa shi ne katin jirgi, da littafi, da jami'in da ya san sunan ɗalibi. Waɗannan kuwa, tare da kuɗin gyaran bututu da na'urar ɗumama azuzuwa, duk shekara sai an sake neman su a kasafin kuɗin birnin da na majalisar jiha da ke Albany.